Ruwan da Muka Tona a Labda

Ba zan ɓata muku takarda da labarin yadda muka bar Haɗeja ba. Kowa ya san yadda ake barin gida: a sayar da injin ban-ruwa, a yi wa mata ƙarya, a hau mota. Abin da zan ce kawai, ambaliya ta cinye mana shinkafa shekara biyu a jere, a ta uku kuma tsuntsayen jan-baki suka sauka suka yi wa gonar aski. Sai na ce to, tunda ruwa ya hana ni zama, bari in je ƙasar da babu shi in ga yadda suke ji.

Sunana Sabo, ana ce mini Injiniya. Digirina aji huɗu ne na firamare, na kammala shi ta taga, malami na biye da ni da bulala. Sauran ilimin a bakin kogi na yi shi, wajen kwance inji da haƙa wa manoma rijiyar fadama. Abokin tafiyata Haruna ne, ɗan Gwaggo Hajara ta Auyo, wato taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini Injiniyan Ƙusa. Masunci ne, in ya watsa birgi sai ka rantse laima ce ta buɗe a kan ruwa. A lokacin dukanmu mun haura hamsin. Tsofaffi biyu da furfura, sun ɗauki jaka za su Libiya neman arziki. Ku yi dariya, na ba ku izini.

A Agadas muka shiga aji ɗaya na wannan sabuwar makaranta. Direban ya ce kwana uku za mu yi a hamada. Ya faɗi gaskiya, mun yi kwana ukun, sannan muka ƙara shida. An jera mu a bayan akori-kura kamar buhunan albasa, ƙafafu na lilo a waje, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa ya rungume. A rana ta huɗu da hantsi mota ta yi tsalle a kan tudun yashi, wani mutumin Gaya da ke kusa da Haruna ya saki sandarsa. Mun gan shi ya tashi, yana gudu, yana ɗaga hannu. Mota ba ta rage gudu ba.

Haruna ya dinga dukan rufin mota yana ihu, "Mutum ya faɗi! Mutum ya faɗi!"

Direba ya tsaya. Na ce alhamdu lillahi, ashe da sauran imani. Ya fito da ƙarfen kwance taya, ya zagayo, ya tambayi wa ke dukar masa mota. Haruna ya ce shi ne. Duka ɗaya ya yi masa a baki, ya koma ya tada mota. Mutumin Gaya ya yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har ya zama ɗigo. Ban san sunansa ba har yau.

Haƙoran gaba biyu Haruna ya bari a wurin. Daga ranar, ko fushi yake yi sai ka ga kamar dariya yake. Da jinin ya tsaya na ce masa, "Bawana, ka dai shaida wurin ko? In mun dawo sai mu tsaya ka ɗauki kayanka."

Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai da ka ce mini ƙasar akwai aiki."

A Sabha wani ɗan'uwanmu baƙar fata, mai Hausa tsantsa da carbi har gwiwa, ya karɓi takardunmu zai nemo mana aiki. Ina jin har yanzu yana kan nema. Rashin takardun ya sa a shingen farko da muka tarar bayan garin aka sauke mu, aka kwantar da mu rub da ciki a kan kwalta da tsakar rana, aka bi tafin ƙafafunmu da tiyo. A matsayina na masani ina shaida muku tiyon mai inci ɗaya da rabi ne, irin wanda na shekara talatin ina haɗa wa manoman tumatir. Ban taɓa sanin abin da ke cikinsa ba sai ranar. Kwana biyar da gwiwa muke zuwa bayan gida.

Daga ƙarshe dai Allah ya jefa mu wata gona kusa da garin Kumus, a bakin teku. Mai gonar mutumin kirki ne. Injinsa na rijiya ya shekara yana tari, na kwance shi na mayar, ya tashi. Tun daga nan na zama babban mutum, har shayi ake miƙo mini a kofin gilashi. Haruna aka ba shi ban-ruwan kankana tare da wani Isufu, mutumin Damagaram, mai shiru-shiru da yawan azumi.

Shekara ɗaya da rabi muka yi. Ni na saba, amma Haruna bai saba ba. Ranar Juma'a sai ya je bakin teku ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Dubi ruwa har ruwa," in ji shi, "amma ba ka isa ka kurɓa ba. Kifinsu ma ban san sunan ko ɗaya ba. Wallahi Sabo, da zan ga tarwaɗa ɗaya yau, sai na rungume ta na tambaye ta mutanen gida."

Na ce, "Ita ma ba za ta gane ka ba, da wannan bakin."

Sai ƙasar ta rikice. Ba zan yi muku bayanin siyasarsu ba, aji huɗu bai kai nan ba. Abin da na sani, an wayi gari kowane yaro yana da bindiga, kuma magana ta bazu cewa baƙaƙen fata sojojin haya ne. Mai gona ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka, ya bar mana buhun taliya da addu'a.

Wata safiya ina ɗakin inji, Haruna ya kawo mini sifanar kwance noti, muka ji mota. Ta hudar bulo muka leƙa. Akori-kura ce da babbar bindiga a bayanta. Isufu na tsakiyar kankana da tiyo a hannu. Suka kira shi ya zo, suka yage masa riga, suka duba kafaɗarsa wai suna neman shaidar ɗaukar bindiga. Kafaɗar da ta shekara tana ɗaukar buhun taki, yaya za ta kasance? Yana nuna musu kankana, yana nuna tiyo. Suka harbe shi sau uku. Ya faɗi, tiyon na ta zuba a gefensa, ba wanda ya kashe.

Muka fita ta bayan ɗakin inji, muka faɗa wani busasshen rafi, muka bi shi da gudu. Ban san tsoho na iya gudu haka ba. Rafin ne ya kai mu Labda.

Yanzu ku gyara zama, za a yi darasin tarihi. Labda tsohon birni ne na mutanen da, ba kowa a cikinsa sai ƙadangaru. Tituna shimfiɗe da dutse, ginshiƙai tsaye ba rufi, wasu sun faɗi sun kakkarye kamar rake. A bakin rafin da muka biyo akwai wani gini, bango ne mai tsayi ya lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, ɓangare ɗaya ya rushe. A jikinsa an rarake gurabe hawa-hawa, kowanne mutum zai iya tsayawa a ciki. A gabansa ga wani wuri kamar kwami na dutse, faɗinsa ya kai tsakar gida, cike da yashi.

Haruna ya ce, "Masallaci ne."

Na duba da idon ilimi na ce, "Ko shakka babu. Ba ka ga wurin tsayawar liman ba? Sai dai limamansu da yawa."

Muka yi taimama, muka fuskanci babban gurbin tsakiya, muka tada azahar. Muna sallamewa muka ji dariya a bayanmu. Wani dattijon Balarabe ne, ya yafa farin mayafin ulu irin na tsofaffinsu, yana dariya har yana riƙe ginshiƙi. Na dubi hannunsa, ba bindiga ba ce, sanda ce. Ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna mini inda alƙibla take. Ashe mun ba ta gefe.

Shi ne mai gadin wurin, mun riƙa ce masa Hajji. Da ɗan Larabcin gona da muka tsinta da kuma hannu, ya fahimtar da mu cewa ginin ba masallaci ba ne. Rumawa ne suka yi shi tun kafin zuwan Musulunci. Daga nesa suka jawo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ya riƙa ɓulɓulowa daga bangon yana zuba a kwamin dare da rana. Guraben nan kuwa gumaka ne a ciki, na mata.

Haruna ya ce, "Innalillahi! Sabo, ka ja ni salla gaban 'yan matan Rumawa."

Na tambayi Hajji, ruwan na ban-ruwa ne? Ya ce a'a, mai ƙishi ya sha, amma yawanci don ado ne, mutane su wuce su gani su ji daɗi.

"Ruwa don kallo?" in ji Haruna. "Su zo Auyo da damina su kalla kyauta, har cikin ɗaki zai biyo su."

Hajji bai tambaye mu abin da ya koro mu ba, ya ga ƙafafunmu. Ya kai mu wani ɗan ɗaki mai rufin dutse a bayan bangon, ya ce kada mu fito fili. Kullum da hantsi sai ya zo da burodi da zaitun da galan ɗin ruwa a ƙarƙashin mayafinsa. Ya kuma ja mana kunne da wata magana, yana nuna ƙasa yana kaɗa yatsa. Mu mun ɗauka cewa yake kada mu saci duwatsu. Haruna ya ce, "Ka gaya masa ya kwantar da hankalinsa, ko a kyauta ba mai ɗaukar wannan zuwa Haɗeja."

Kwana shida yana zuwa. A na bakwai bai zo ba. Daga wajen gari muna jin harbi kamar ana suyar gurguru. Na takwas bai zo ba. Muka lashe galan har murfi. A na tara harshena ya zama kamar tsohon takalmi, Haruna kuma ya fara magana da mahaifiyarsa alhali tana Auyo. Ya lallaɓa bakin teku ya kurɓa, ya dawo yana amai.

To a nan ne Injiniya ya tashi. Na ce ni da na haƙa rijiya a fadamar Haɗeja har ba na iya ƙirgawa, in mutu da ƙishi a gindin gidan ruwa? Wane irin abin kunya za a kai gida? Na zagaya bayan bangon ta wajen rafi ina karanta ƙasa. Ga wani ɓaure ya tsiro a tsagar dutse, ganyensa shar. Ga 'yar ciyawa mai kama da kacala, tsiraru, a wuri ɗaya tak. Na durƙusa na duba ramin tururuwa, ƙasar da suke fitarwa ta fi ta kewaye duhu. Na murza ta, na ɗora a harshe.

Na ce, "Bawana, kawo ƙarfen can. Zurfin gaba ɗaya da rabi, in ban ba ka ruwa ba ka canja mini suna."

Ya ce, "Sunan da na sa maka ma ya ishe ka."

Da wani guntun rodi da fasasshen galan muka fara, da hantsi, a fili, rana na kallonmu. A wurinmu wannan ba wani abu ba ne. Mutum ya ji ƙishi, ya tona ƙasa, ya sha, haka muka tashi muka gani. Ba mu san cewa a irin wannan wuri, duk wanda aka gani yana tono, abu ɗaya ake zaton yana nema ba. Abin da Hajji ke kaɗa mana yatsa a kai ke nan.

Mun kai ƙugu sai rodi ya daki wani abu. Haruna ya sa hannu ya ɓanɓaro shi. Guntun bututu ne, tsawon tafin hannu, fari-fari da ƙasa, ga nauyi, da wasu haruffan boko a jikinsa. Ya karce shi da farce, cikin ya yi ƙyalli. Idonsa ya kawo haske, rabon da in ga haka tun a gida.

"Dalma ce! Sabo, dalma ce tsantsa! Ka san birgi nawa wannan zai yi wa nauyi? In na narkar da ita na jera a bakin birgina, ko giwan ruwa bai isa ya ɗaga ba."

Na ce, "Mutum na mutuwa da ƙishi yana lissafin birgi."

Ya jefa ta a aljihu, muka ci gaba.

Ba mu ji zuwansu ba, kanmu na cikin rami. Inuwa kawai na gani ta rufe mu. Su biyar ne, samari, ba wanda ya kai ɗana na fari. Babbansu na sanye da baƙin tabarau da rigar soja, a ƙafarsa kuma silifa. A zuciyata na naɗa shi Kwamanda Silifa, kuma har gobe ba ni da wani suna da zan kira shi.

Suka fizgo mu waje. Ba tambaya, duka aka fara. Gindin bindiga ya sauka a kunnena na hagu, wanda har yau in kuna gulmata ta wannan gefen kun tsira. Suka tattake Haruna a haƙarƙari. Da suka gaji sai suka laluba aljihunmu, dalma ta faɗo.

Kwamanda ya ɗauka, ya auna nauyinta a hannu, ya ga rubutu, ya ga ƙyallin da farce ya bari. Nan take fuskarsa ta canja. Ya tsuguna a gabana.

"Ina sauran? Ina zinariyar? Wa ya ba ku taswira?"

Na ce, "Ruwa, ranka ya daɗe. Ruwa muke nema." Na nuna maƙogwarona.

Suka fashe da dariya. Ɗaya ya nuna teku da bakin bindiga, wai ga ruwa can iya ganinka, amma ku sai a gindin ginin Rumawa za ku nema? Kwamanda bai yi dariya ba. Ya ɗora mini bakin bindiga a goshi, da zafinsa na rana, ya nuna sama.

"Kafin la'asar ku fito mini da ita. In ba haka ba, ramin nan ya ishi mutum ɗaya. Ku zaɓa."

Suka tura mu ciki. Suka zauna a inuwar bangon suna shan lemon gwangwani, muna jin ƙarar buɗewa.

Ban taɓa haƙa rami ina roƙon Allah kada ruwa ya zo ba sai ranar. Na san abin da ke ƙasa. Yashin ya fara dunƙulewa in na matse shi a hannu, sanyinsa na hawa yatsuna. Muddin muna tono, muna da rai. Ruwa na fitowa, zance ya ƙare. Sai na riƙa faɗaɗa ramin ta gefe maimakon in nutsa.

Haruna ya gane. Ya ce a hankali, "Injiniyan Ƙusa, yau kuma tsoron ruwa kake?"

"Rufe mini baki ka yi ta gefe."

"Har yaushe? La'asar ba ta jiran gefe." Ya tsaya yana haki, jini na bin gemunsa. "In an zo zaɓe, ka bar ni in yi magana. Kai kana da 'yan mata huɗu ba a aurar ba."

"Kai kuma Gwaggo fa? Wa take da shi?"

"Tana da kai, ɗan banza. Ba kai ne ubangidan ba?"

Na ce, "Bawa ba ya zaɓa wa ubangidansa. Yi tono."

Ɗaya daga cikin samarin ya jefo mana dutse, wai mu daina yare. Farcena biyu suka fita, ban ji ba sai da na ga yashi na yin ja. Inuwar bangon ta miƙe ta rufe ramin. Ina ta dabarata ta gefe, amma ruwa ba ya shawara da injiniya. Ta ƙarƙashin wani faffaɗan dutse ya fara tsattsafowa, ya zagaye mana yatsun ƙafa, ya hau idon sawu. Ja ne, mai laka, mai sanyi kamar na randa.

Kwana uku ba mu sha ba. Haruna ya zube a gwiwa ya cika tafin hannunsa biyu. Na zaci bakinsa zai kai. Amma a wurinmu, in sabuwar rijiya ta kawo, mai tono ba ya fara sha, wanda ke tsaye a bakin rami ake miƙa wa. Ban sani ba ko al'adar ce ta motsa masa, ko so yake ya nuna wa yaron cewa ga abin da muke faɗa tun ɗazu. Ya miƙe, ya ɗaga hannayensa sama wajen Kwamanda, ruwan na zuba ta tsakanin yatsunsa, ga bakin nan nasa a buɗe ba haƙoran gaba.

Kwamanda ya ga baƙin tsoho na miƙo masa laka yana masa dariya.

A cikin rami ƙarar bindiga daban take. Haruna ya koma da baya ya jingina da bangon ramin, ya zauna a cikin ruwan, yana duban cikinsa kamar an zuba masa wani abu a riga. Ni kuma na kama ihu da Hausa, ban san me nake cewa ba. Na ga bakin bindigar ya juyo kaina.

Muryar Hajji ce ta tsayar da shi. Ya taho da wasu dattawa uku na unguwarsu, ɗaya da tsohuwar bindigar farauta. Ashe hanya aka rufe kwana ukun nan, ranar ta buɗe. Bai ko rage tafiya ba, ya zo har gaban Kwamanda, ya kira shi da sunansa, ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ɗaga sanda ya sauke masa a wuya. Yaron da ya harbi mutum yanzun nan sai ga shi yana kare kai da hannu. Suka ja da baya suna zage-zage, suka hau mota. Dalmar dai da ita suka tafi. Ina fatan ya kai ta wurin maƙerin zinariya an yi masa dariya.

Muka fito da Haruna muka kwantar da shi a inuwa, a kan dutsen kwamin. Hajji ya duba raunin, ya dube ni, ya girgiza kai. Asibiti kuwa, baƙar fata mai harbin bindiga, ko an kai shi ba gado za a ba shi ba.

Haruna ya ce, "Ba ni ruwan nan in ji."

Na ɗebo a fasasshen galan, na tace da bakin rigata, na ɗiga masa. Ya haɗiya, ya lumshe ido.

"Ba gishiri," in ji shi. "Kai, ashe dai ka iya."

"Shekara talatin ina gaya maka."

"Gaba ɗaya da rabi ka ce. Ya fi."

"To ka kai ƙara."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Can ya kama hannuna ya ce, "Sabo, kada ka bari a yar da ni da datti kamar Isufu. Inna za ta tambaya." Na ce ba zan bari ba. Na riƙa maimaita masa kalmar shahada yana bi, har ya zama ni kaɗai nake yi. Rana ba ta faɗi ba ya cika.

Ramin kuwa ya kawo ruwa har gwiwa, ya kwanta ya yi garau. Da shi na yi masa wanka, ni da Hajji, a gindin bangon nan na Rumawa. Na wanke masa laka daga gemu, na wanke tsakanin yatsunsa. Babu likkafani, kasuwa a rufe. Hajji ya cire farin mayafinsa, wanda ban taɓa ganinsa ba shi ba, ya shimfiɗa. Mu biyar muka yi masa salla, wannan karon alƙibla daidai. Aka kai shi maƙabartar unguwarsu a bayan motar ɗaya daga cikin dattawan.

Sauran tafiyar ba ta da daɗin faɗa. Wata guda na yi a ɗakin ajiyar Hajji, sannan aka saka ni cikin motar tumaki zuwa Tarabulus, daga can aka tattara mu aka zuba a jirgi. Na sauka ƙasar nan da riga ɗaya da kunne ɗaya.

Ban fara zuwa gidana ba. Daga tashar Haɗeja na hau babur zuwa Auyo. Duk hanya ina shirya magana: zan ce zazzaɓi ne, zan ce a asibiti ne, kan gado mai farin zane, likitoci na kewaye. Na gyara ƙaryar nan tsaf har ni ma na fara yarda.

Na tarar da Gwaggo a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Idonta ya riga ya tafi, amma da na yi sallama ta ɗago.

"Sabo ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta saurara, tana jiran sallama ta biyu. Na durƙusa a gabanta, ƙaryar da na shirya ta gudu ta bar ni. Ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi da salati. Ba ta tambaye ni ciwo ne ko mutum ne ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta tambaya ba.

Ta ce, "An ce ƙasar ba ruwa. Taimama aka yi masa?"

"Wanka aka yi masa, Gwaggo. Cikakke."

"Kada ka yi mini irin zancenku na wasa."

"Wallahi da ruwa. Ni da shi muka tona, ya sha, ya ce ba gishiri."

"Wa ya wanke shi?"

"Ni."

Ta miƙo hannu tana lalube har ta samu nawa. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a inda farcen suka fita, ta shafa wurin da babban yatsanta.

"Da waɗannan?"

Na ce, "Da su."

Ta jawo su ta ɗora a cinyarta, ta rufe da nata. Aka kawo mini ruwa a kwano, aka kawo tuwo, duk suna nan a ajiye har suka huce, don ba ta sake ni ba, ni kuma ban ja ba.